Funfunar Masara da Gyaɗa: Wace Irin Halitta Ce, Kuma Me Ya Sa Wuta Ba Ta Kashe Dafinta?

Shin da gaske ne ƙuli-ƙuli da dokunu (tuwon ƙullun masara mai tsami) da miyar gyaɗa suna jawo sankarar hanta? Wannan tambaya kan dawo zangunan Kumasi kusan kowace shekara, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sabuwar masara ke shigowa daga Ejura da Techiman da Nkoranza alhali sama ba ta gama zubar da ruwa ba. Wani zai tura saƙon murya ta WhatsApp yana cewa a daina cin abu kaza da abu kaza. Hajiya mai gyaɗa a kasuwar Aboabo kuma ta ce sharri ne kawai na masu son kashe mata kasuwa, ai tun kaka da kakanni ake ci, wa ya mutu?

Duka biyun sun kauce hanya. Masara da gyaɗa ba su da laifi. Mai laifin wata halitta ce da ke hawa kansu idan ta samu lema da ɗumi, wadda muke kira funfuna. Ita ma ba kowace funfuna ba ce. Wadda ake magana a kanta jinsi ɗaya ce da 'yan uwanta na kusa, masana na kiranta Aspergillus flavus, ita ce ke zuba wani dafi mai suna afalatoksin a cikin abinci. Sai an san asalinta da yadda take rayuwa sannan a gane inda haɗarin yake da inda babu shi.

Funfuna ba datti ba ce, abu ne mai rai

Da yawa sun ɗauka funfuna ruɓa ce da ke fitowa daga jikin abinci da kanta idan ya kwana biyu. A'a. Daga waje take zuwa, tana ci, tana girma, tana haihuwa. Shekaru aru-aru masana sun jera ta cikin tsirrai, don ba ta motsi. Sai a 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware mata daula ta kanta, daban da tsirrai, daban da dabbobi. Daga baya da aka fara karanta ƙwayoyin gado, sai aka tarar ma ta fi kusa da dabbobi a kan tsirrai.

Dalilin warewar a fili yake. Tsiro da hasken rana yake haɗa abincinsa. Funfuna ba ta iya wannan. Abin da take yi shi ne ta zubo ruwan narkarwa a kan abin da ta hau, ya narke a waje, sannan ta tsotse. Bangon ƙwayoyin jikinta kuma da sinadarin da ke cikin ɓawon fara da kyankyaso aka gina shi, ba da na itace ba. A cikin wannan daula akwai naman kaza da ke fitowa da damina, akwai yis da ke kumbura burodi, akwai waɗanda ke kawo kyasbi da makero a fatar mutum.

Jikin funfuna zare ne siriri ƙwarai, wanda ido ba ya gani sai ya taru ya yi saƙa. Zaren nan cikin ƙwayar masara ko gyaɗa yake kutsawa. Garin da ake gani a sama, kore ko baƙi ko fari, ba shi ne jikin ba, irinta ne. Kafin ya fito, zaren ya daɗe a ciki yana aiki. Shi ya sa goge buhu da hannu ko wanke ƙwayar da ruwa ba ya nufin an rabu da ita.

Gidansu da danginsu

Idan baƙo ya sauka a Zango, ba a tsayawa kan sunansa kaɗai. Ana tambayar ƙabilarsa, garinsu, unguwarsu, gidansu. Haka masana ke bin salsalar kowace halitta, daga babban rukuni zuwa ƙarami. A cikin daular su funfuna, wannan tamu tana cikin babban rukunin Ascomycota, wato waɗanda ke tara irin aurensu a cikin 'yar jaka. Ajinta Eurotiomycetes, sahunta Eurotiales, danginta Aspergillaceae, gidansu Aspergillus, ita kuma flavus. Suna biyun ƙarshe, na gida da na jinsi, su ake kiran halitta da su, bisa tsarin da Carl Linnaeus ɗan Suwidin ya kafa a 1753.

Sunan gidan ya girmi tsarin ma. Wani ɗan Italiya mai nazarin tsirrai, Pier Antonio Micheli, shi ya raɗa shi a 1729. Da ya duba ta a madubin ƙara girma, ya ga kara tsaye da dunƙulen kai, iri na fita daga kan ta kowane gefe, sai abin ya yi masa kama da sandar yayyafa ruwa da ake amfani da ita a cocinsu. Jinsin flavus kuwa wani Bajamushe, Heinrich Friedrich Link, ya bayyana shi a 1809, ya sa masa sunan saboda launinsa na kore mai ratsin rawaya.

Yau gidan Aspergillus ya haura jinsi 400. Baƙin garin da ake gani ƙarƙashin ɓawon albasa ɗan gidan ne, Aspergillus niger, kuma da shi masana'antu ke yin sinadarin tsami da ake zubawa a lemon kwalba. Aspergillus fumigatus shi ma ɗan gidan ne, amma nasa sharrin a huhu yake. Penicillium, wadda Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin daga gare ta a 1928, ba 'yar gidan ba ce, amma danginsu ɗaya. Ita kuwa mai gashi fari da ɗigon baƙi da ke rufe burodi idan ya kwana uku a leda, Rhizopus, nesa take da su ƙwarai, ko babban rukuni ba su haɗa ba.

Don haka masu cewa "ai da funfuna ake yin magani, to me zai same ni" sun haɗa abin da bai haɗu ba. Kalmarmu ɗaya ce, amma halittun dubbai ne. Kuma launi ba ya raba gardama. Ko a ɗakin gwaji, sai an shuka ta a faranti, an duba siffar kanta, sau da yawa ma sai an karanta ƙwayoyin gadonta kafin a ce ga sunanta.

Akwai wani ruɗani da su kansu masanan suka sha fama da shi. An daɗe ana ɗauka flavus ba ta aure, da ƙurar iri kaɗai take yaɗuwa. Sai a 2009 aka tabbatar a Amurka cewa tsatso biyu na iya haɗuwa su haifi sabon iri, aka ba wannan mataki wani suna daban, Petromyces flavus. Halitta ɗaya, suna biyu. Taron masana da aka yi a Melbourne ta Ostireliya a 2011 ya soke wannan al'ada, aka ce kowace funfuna suna ɗaya, aka koma kan Aspergillus. Abin da ya shafe mu a nan ba sunan ba ne. Tunda tana aure, halayenta na gado na iya cakuɗuwa, ciki har da halin yin dafi.

Ciki ɗaya, hali daban

A nan ne gizo ke saƙa. A cikin gidan akwai sashen da ake kira Flavi, mai jinsi sama da 30, kuma fiye da rabinsu na iya yin dafin da ake kira afalatoksin. Cikinsu akwai Aspergillus parasiticus, wadda ta fi son gyaɗa da ƙasar da gyaɗa ke ciki. Amma a cikin sashen nan dai akwai Aspergillus oryzae, wadda mutanen Japan da Sin suka yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo da gangan, suna shuka ta a kan shinkafa da waken suya don yin romon waken suya da sauran kayan ɗanɗano. Idan aka jera ƙwayoyin gadonta da na flavus, bambancin ɗan kaɗan ne, har masana da yawa na ganin flavus ce aka horar. Ba ta yin dafi, domin jerin ƙwayoyin gadon da ke sarrafa shi ya lalace ko ya yi shiru a jikinta.

Ko a cikin flavus kanta ba a taru an zama ɗaya ba. Wani tsatson na zuba dafi da yawa, wani kaɗan, wani ba ya yi sam. An saba raba ta gida biyu bisa girman wasu baƙaƙen ƙulli masu tauri da take yi don ta jure fari. Masu manyan ƙulli sun fi yawa, dafinsu ya bambanta daga wannan zuwa wancan. Masu ƙananan ƙulli kusan kullum dafinsu mai yawa ne. Wasu daga cikin masu ƙananan ƙullin da ake samu a Afirka ta Yamma, da aka zurfafa bincike sai aka ga jinsi ne mai zaman kansa, aka ba shi suna Aspergillus aflatoxiformans.

Ma'ana, buhu biyu na iya yin funfuna iri ɗaya a ido, ɗaya cike da dafi, ɗaya kusan babu. Buhu na uku kuma ya yi kyau tas, amma ga dafi a cikin 'yan ƙwayoyi da suka ɓuya.

Daga gona take farawa, a shago take ƙarasawa

Asalin mazauninta ƙasa ce. A can take cin karan hatsi da ganyen da suka mutu, aiki mai amfani ma. Da rani ta dunƙule cikin ƙullinta, da lema ta dawo ta farka ta saki ƙurar iri. Kowane ɗaya bai wuce kashi 3 zuwa 6 cikin dubu na milimita ba, iska da ƙwari ke yawo da shi. A masara takan bi ta gemun zangarniya ko ta hujin da tsutsa ta yi. Gyaɗa kuwa a cikin gidanta ma take nuna.

Abin mamaki, ba ruwa mai yawa ne ke buɗe mata ƙofa a gona ba, fari ne. Idan ruwa ya ɗauke ana dab da nuna, ƙasa ta yi zafi, shuka ta galabaita, ɓawo ya tsattsage, sai ta shiga. Bayan girbi sai lissafi ya juya, lema ta zama abokiyarta. Tana iya girma daga kusan digiri 12 har 48 a ma'aunin Salsiyos, ta fi jin daɗi wajen 37, dafin kuma ya fi fita a ɗumin da ya ɗan gaza haka. Wato yanayin ɗakin ajiya mai rufin kwano a Kumasi.

Masara sai lemarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari sannan ajiya ke da aminci, ɓararriyar gyaɗa kuma kashi 7 zuwa 8. Manomin Tamale ko Wa ko Bawku yana da sa'a, damina ɗaya gare shi, girbinsa na gangarawa zuwa hunturu. Na yankin Ashanti da Bono damina biyu gare shi, kuma babban girbi na faɗowa ne a ɗan tsakanin da ke raba su, ga hadari, ga raɓa. Masarar da aka cire da lema sama da kashi 20, aka shanya a gefen titi kwana biyu ruwa ya kore ta, aka ɗura a buhu, aka lulluɓe da tamfol a bayan mota, ta iso kasuwa da zafinta. Gyaɗar arewa ma da ta taso a bushe, idan aka jibge ta a kan siminti jikin bango a shagon da ke yoyo, za ta sha lema ta koma gidan jiya. Ƙwarin hatsi na ƙara dagula lamarin, suna huda ƙwaya, numfashinsu na ƙara lema a buhu.

Dafin da ke tsallake tukunya

Duniya ba ta san da shi ba sai a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi sawu, aka gano duk sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil, kuma flavus ce a ciki. Manyan nau'o'insa huɗu ne, B1 da B2 da G1 da G2, kuma B1 ya fi muni. Idan saniya ko mace mai shayarwa ta ci, jiki kan juya shi zuwa M1 ya fito a nono.

Maganar da aka fi yi a madafa ita ce, ai wuta ta kashe komai. Wuta na kashe funfunar, gaskiya ne. Amma dafin ba mai rai ba ne da za a kashe, sinadari ne, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 268 yake narkewa, alhali ruwa a 100 yake tafasa. Suya na rage wani abu, jiƙo da zubar da ruwan jiƙon na rage wani abu, amma babu wanda ke gamawa da shi. Tsamin ƙullu ma ba ya cinye shi. Tun shekarun 1990 masu bincike a Cibiyar Binciken Abinci da ke Accra, wadda ke ƙarƙashin hukumar binciken kimiyya ta Ghana, CSIR, suka same shi a ƙullun masara da dokunun kasuwa. Ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Ɗacin da ake ji a ruɓaɓɓiyar gyaɗa alama ce ta lalacewa, amma rashin ɗaci ba shaida ba ce.

Hanta ce ke karɓar dukan, don aikinta ne tace abin da aka ci. A ƙoƙarin narkar da B1 sai ta mai da shi wani abu mafi kaifi, wanda ke manne wa ƙwayoyin gado yana lalata wanda ke tsare jiki daga sankara. Hukumar binciken sankara ta ƙasa da ƙasa ta sa shi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ta.

Illar iri biyu ce. Idan an ci da yawa lokaci ɗaya, hanta na iya tsayawa cikin kwanaki, ido ya yi shawara, ciki da ƙafafu su kumbura. Haka ya faru a gabashin Kenya a 2004, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, daga masarar da suka noma da hannunsu suka ajiye da lema. Wannan ba kasafai yake faruwa ba. Wanda ya fi shafarmu shi ne na kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Binciken da aka yi a yankin Ejura ya samu alamar dafin a jinin kusan duk wanda aka gwada. Wani da aka wallafa a 2002 kan yara 480 a Benin da Togo ya nuna waɗanda suka tsumbure sun fi yawan alamar a jini, kuma tana hawa ne bayan yaye, lokacin da aka koma kunu da koko.

Sai batun da masu saƙon murya ba sa ambata, alhali shi ne babba: ciwon hanta nau'in B. Mai ɗauke da wannan ƙwayar cuta, idan yana cin dafin, haɗarin sankara a gare shi ya ninka na wanda ba shi da ita kusan sau 30. A Ghana ana ƙiyasta kamar mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita, da yawa ba su sani ba. An fara yi wa jarirai allurar rigakafinta a 2002, ke nan waɗanda aka haifa kafin nan yawancinsu ba su samu ba. Amsar Hajiya ta "wa ya mutu" a nan take. An mutu, sai dai an kira shi da wani suna, shawara ko ciwon ciki ko sammu.

Ina tsintar take zuwa?

Hukuma na magana da lambobi. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da dafin cikinta ya wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka ta tsaya a 20. Hukumar kula da ingancin kaya ta Ghana da ta abinci da magunguna su ma suna da nasu ma'auni. Amma gwaji sai da ɗakin bincike ko kayan gwaji na kuɗi, kuma yawancin abin da muke ci bai taɓa bi ta gabansu ba, daga gona sai mota, sai olonka, wato gwangwanin awo na kasuwa.

Manomi zai ce ba shi da injin busarwa, kuma ko ya wahala ya busar, farashi ɗaya za a saya da na wanda bai busar ba. Gaskiyarsa. 'Yar kasuwa za ta ce da kuɗinta ta sayi buhun gaba ɗaya, ba za ta zubar da mudu biyu ba. Ita ma ba ƙarya ta yi ba.

Amma a ganina mafi munin abin yana faruwa ne bayan an tsince. Dafin ba ya bazuwa daidai a buhu, yakan taru ne a 'yan ƙwayoyin da suka motse, suka fashe, suka canza launi, ko ƙwaro ya huda. Tsince su na rage shi ƙwarai. To, da aka tsince, ina suke zuwa? Mai kyau ta tafi babban kanti ko ƙasar waje. Tsintar kuma a sayar da ita da araha ga mai niƙa, ta zama markaɗen miya, ko ƙuli-ƙuli, ko yajin tsire, ko garin kunun yara, inda ido ba zai ƙara ganinta ba. Idan an matse mai, mafi yawan dafin a tunkuza yake zama. Wanda ya rage a ba kaji. Wato an tattaro dafin buhu guda an miƙa wa mai ƙaramin ƙarfi. Duk wayar da kan da ta tsaya kan "ku tsince" ba ta faɗi abin da za a yi da tsintar ba, rabin aiki ta yi.

Da ɗan gari akan ci gari

Sanin danginta ne ya kawo maganin da ya fi ban sha'awa. Tunda a cikin flavus akwai tsatson da ba ya dafi, me zai hana a cika gona da shi ya riga mai dafin kama wuri? An fara gwada dabarar a gonakin auduga na Arizona a Amurka. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan ta kawo ta Afirka da sunan Aflasafe, kuma tare da masanan jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, KNUST, ta nan Kumasi aka zaɓo tsatson da aka samo daga ƙasar Ghana kanta. An yi masa rajista a 2018. Dawa ce da aka kashe tsironta, aka shafe ta da irin funfunar marar dafi, aka rina ta shuɗi don kada a ci. Ana watsa kilo 4 a eka, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Gwaje-gwajen gona sun nuna dafin na raguwa da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kuma kariyar na bin amfanin har rumbu. Cikas ɗinsa shi ne wanda manomi ya riga ya faɗa: bai ƙara yawan buhu ba, kuma kasuwar olonka ba ta biyan lada kan abin da ba ta gani.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar masana. A yankin Kindia na ƙasar Gini an gwada wa manoman gyaɗa abubuwa masu sauƙi, shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, tsincewa da hannu, tabbatar da bushewa, buhun algarara, ɗora buhu a kan katako, da maganin ƙwari. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna alamar dafin a jininsu ta gaza rabin ta maƙwabtan da ba su yi ba. Buhun ajiyar hatsi da ake kira PICS mai ruɓi uku da ke hana iska shiga shi ma yana aiki, da sharaɗin hatsin ya bushe kafin a ɗaure.

Ga mai saye a Zango, gyaɗar da aka gani da ido aka tsince aka kai injin niƙa ta fi markaɗen da ba a san asalinsa ba, musamman idan na yara ne. Masu sheƙe tsohuwar masara a sito su rufe hanci, don ƙurar irin na iya kama huhun wanda ya taɓa yin tarin fuka ko mai raunin garkuwar jiki. Babba kuma da bai taɓa gwajin ciwon hanta na B ba, ana yin gwajin a asibitin Komfo Anokye da sauran asibitocin gari, wanda aka samu ba ya ɗauke da ita a yi masa allura uku cikin wata shida.